Neman shawara: ina so in tona fadamar da na gada ta zama tafki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata fadama da na gada daga mahaifina a wajen garin Nguru, wadda girmanta ya kai kamar eka biyar. A ƙuruciyarmu shinkafa ake nomawa a cikinta, idan ruwa ya janye kuma a kama tarwaɗa da gaiwa a kwarin da ya rage, amma yau shekaru ke nan da doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta rufe ta baki ɗaya, har kwalekwale ba ya iya shiga. Yanzu da na yi ritaya daga koyarwa, ina da niyyar ɗauko katafila ta tone ta, domin ruwa ya samu sarari, dinya da kirinjijiya da muka saba gani su dawo, kifi ma ya samu wurin zama. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su faɗa mini zurfin da ya dace da lokacin da ya kamata a fara, da kuma ko sai na nemi izini.

Amsa daga wani tsohon ma'aikacin noman rani:

Wa alaikumus salam, Malam. Kachala ta samu gindin zama a yankinmu ne tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, saboda ruwan da dā yake zuwa da damina ya tafi da rani ya koma yana kwanciya kusan duk shekara, kuma ba abin da wannan ciyawa ke so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Saboda haka idan tonon ya tsaya a iya gwiwa, ka yi asarar kuɗinka, domin cikin damina biyu za ta sake rufe wurin. Tsakiyar ramin ya kamata ya kai mita biyu ko fiye, musamman da yake zafin bazara yana shanye ruwa sosai.

Sai dai kafin ka biya mai katafila ko sisi, ka sa a haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu da hannu. Abin da ke riƙe ruwa a fadama shi ne lakar da ke sama, kuma a wurare da dama yashi ne a ƙarƙashinta. Na ga mutumin da ya huda lakar gonarsa ya kai ga yashi, ruwan ya riƙa tsiyayewa ƙasa, ya rasa fadamar, tafkin ma bai samu ba. Lokacin aiki kuwa shi ne tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da ƙasa ta fi tauri.

Amsa daga wani masunci:

Malam, na yarda da maganar babanmu a kan zurfi, amma kada a tone duka eka biyar ɗin, kuma kada a yi bakin tafkin a tsaye kamar rijiya. Zalɓe da sauran tsuntsaye masu dogayen ƙafafu a bakin ruwa inda babu zurfi suke kiwo, ƙarfasa ma a wuri marar zurfi take yin gurbinta. A tone kamar kashi ɗaya cikin uku, a bar gefen yana gangarowa a hankali, sannan a bar ɗan tsibiri a tsakiya inda karnuka da yara masu neman ƙwai ba za su kai ba. Kachalar da ta rage a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin ta cikin kara take shaƙar iska, idan ruwa ya rufe kututturen sai saiwar ta ruɓe. A rage mata yawa sosai, don tsuntsayen jan baki a cikinta suke kwana, kuma maƙwabtanka masu shinkafa ba za su gode maka ba idan ka tara musu su.

Amsa daga wata ma'aikaciyar lafiya:

Baba, ni abin da ya dame ni shi ne yara. Ruwa kwantacce mai ciyayi a gefe shi ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma da zarar wurin ya buɗe yaran unguwa za su maishe shi wurin wanka. A yi shinge ta ɓangaren da ya fi zurfi, a kuma gargaɗi iyaye tun kafin ruwa ya cika.

Amsa daga wani malamin gona:

Game da izini, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma wajen bayar da shaidar mallaka, don haka ka fara da mai unguwa da hakimi, sannan sashen gona na ƙaramar hukuma. Tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin dausayoyin da aka yi wa rajista a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya tun shekarar 2000, saboda haka yana da kyau ma'aikatar muhalli ta Jihar Yobe ta san da aikin. Rigimar da ta fi tasowa kuwa a kan ƙasar da aka tono ce, domin idan aka jibge ta a hanyar ruwa za ta tura ambaliya gonar wani. A kwashe ta zuwa tudu. Ka kuma zauna da arɗo, tunda shanu ba za su ga ruwa da rani su wuce ba, gara a ware musu mashaya guda tun farko.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun yashin nan bai taɓa zuwa mini a rai ba, alhali na tuna rijiyar da mahaifina ya haƙa a gefen gabas ta kai ga yashi da wuri. Zan sa a yi ramukan gwajin ta yamma bayan girbi, in dawo muku da abin da muka tarar.