Abin da aka ce kan kansiloli da asibitocin ƙwaƙwalwa a Ingila

Ga dai abin da na tsinta a wata hira da aka yi kan yadda kansiloli za su sa ido kan asibitocin ƙwaƙwalwa. A Ingila, tun dokar 2001, kansiloli suna da ikon kiran shugabannin NHS (hukumar kiwon lafiya ta ƙasa) na yankinsu su zo su yi bayani, kuma in kwamitin kansilolin da ke sa ido kan lafiya ya ba da shawara a rubuce ya nemi amsa, dole a amsa cikin kwana 28. To kusan kowa cewa yake kada kansila ya tsaya kan rahoton da asibiti ya kawo da kansa, ya haɗa da na CQC masu duba asibitoci, sannan ya zauna da majinyata da iyalansu don wallahi su suka san inda ke musu ciwo.

Inda aka fi daɗewa a hirar shi ne sallamar majinyaci daga asibiti. Ƙa'ida ce a bibiyi mutum cikin awa 72 bayan ya bar gado, lokacin ne haɗarin kashe kai ya fi yawa, don haka a tambaya mutum nawa aka bibiya, wadanda ba a samu ba kuma me ya faru da su. Ni nan na fi ba ƙarfi gaskiya.

Sai batun tura mara lafiya gari mai nisa saboda babu gado, da yaran da ke jiran layi wata da watanni. Wasu suka ce a sa ranar da za a dawo a duba kowane alkawarin da shugabannin NHS suka yi.