Kuna fita da keke idan iska ta yi ƙarfi, ko kuwa haƙura kuke yi?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya keke. Ina neman ra'ayinku a kan wani al'amari da ya raba kan abokan da muke fita motsa jiki tare. Duk ranar da aka wayi gari da iska mai ƙarfi sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce a jingine kekuna a jira ta lafa, domin a ganinsu fita a irin wannan rana wahalar da kai ce kawai, wasu kuma su ce ai ranar ce ma ta fi cancanta a fita, tunda wanda bai saba da iska ba bai gama koyon keke ba. Ni dai ban daɗe da fara doguwar tafiya ba, kuma na lura iska ta fi tudu karya mini gwiwa, saboda tudu ina hango ƙarshensa in san inda zan huta, ita kuwa sai a yi ta taka feda a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ana haki, keken kuma ya ƙi tafiya.

Tambayoyina biyu ne. Me ya sa iskar da mai tafiya a ƙasa bai cika damuwa da ita ba take zama babban nauyi ga mai keke? Sannan akwai wani mizani da kuke bi kafin ku yanke shawarar cewa yau ba ranar fita ba ce, ko kuwa kowa da irin ƙarfin halinsa?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko lissafi ne yake amsa ta, kuma idan ka fahimce shi za ka daina zargin ƙafafunka. Turjiyar da iska take yi wa jiki ba ta ƙaruwa daidai da gudu, domin idan gudun iskar da ke dukan ƙirjinka ya ninka sau biyu, turjiyar ninkawa take yi sau huɗu. Ka ɗauka kana tafiyar kilomita 20 a awa a ranar da babu ko ganyen da ke motsi, to iskar da kake kutsawa cikinta tana dukanka da gudun kilomita 20. Idan kuwa wata iska mai gudun kilomita 20 ta taho ta gabanka, abin da jikinka yake fuskanta ya zama 40, kuma ƙarfin da za ka kashe wajen ture ta, matuƙar ka dage sai ka riƙe gudunka na farko, ya zama ninki huɗu. Mai tafiya a ƙasa da wuya ya wuce kilomita 5 a awa, kuma mafi yawan ƙarfinsa wajen ɗaga ƙafa yake tafiya, shi ya sa ba ya jin abin da kake ji.

Akwai kuma wani abu da yake ba sababbin mahaya haushi, wato zaton cewa abin da iska ta karɓe a tafiya za ta biya shi a dawowa. Ba ta biya duka. Mu ce za ka je wuri mai nisan kilomita 10 ka dawo. Idan babu iska kuma kana gudun 20, awa ɗaya ta ishe ka. Idan iskar gaba ta mayar da kai 15 a tafiya, sannan ta tura ka ka kai 25 a dawowa, tafiyar za ta ci minti 40, dawowar ta ci minti 24, jimla 64. Dalili shi ne lokacin da kake ɓatawa kana fama da ita ya fi lokacin da kake morar ta tsawo.

Jikin mahayi, ba keken ba, shi ne yake tare mafi yawan iskar, saboda haka sunkuyawa, da lanƙwasa gwiwar hannu, da barin riga mai faɗi da take kumbura a baya, sun fi sayen sabon keke amfani. Idan kana son ka ga girman nauyin da iska take ɗora mana, ka duba abin da Denise Mueller-Korenek ta yi a 2018 a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka, inda ta kai gudun kilomita 296 a awa a kan keke, tana bin bayan motar tsere da take tare mata iska.

Dattijon Keke:

Malam Mai Lissafi ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin abokan mai tambaya suna gardama ne a kan abubuwa biyu da suka haɗa su wuri ɗaya. Iskar gaba daban, iskar gefe daban. Ta gaba gajiyarwa take yi, kuma maganinta yana hannun mahayi: ya sauko da giya zuwa mai sauƙi, ya bar ƙafafunsa su ci gaba da juyawa yadda suka saba, ya daina kallon abin auna gudu. Yawancin waɗanda suke tsanar ta, idan aka bincika, mutane ne da suke auna kansu da gudun da suka yi jiya, sai su ƙi sauya giya, su yi ta danna feda da ƙarfi har gwiwa ta fara ciwo. Wanda ya yarda cewa yau tafiyar za ta ɗauki lokaci, to ya raba kansa da rabin wahalar, sannu ba ta hana zuwa.

Ta gefe ita ce nake jin tsoro, musamman mai zuwa da fizga. Mai busawa bai ɗaya ana iya jingina da ita, a ɗan karkata keken ɓangaren da take tahowa a ci gaba da tafiya. Haɗarin yana wurin da take yankewa farat ɗaya ta sake dawowa. Kana tafiya a gindin doguwar katanga ko layin gine-gine babu abin da kake ji, da ka kai ƙarshen katangar sai ta buge ka ta jefa tayar gaba tsakiyar titi. Haka abin yake a kan gada, haka kuma idan tirela ta zo wuce ka ta ɓangaren da iskar take tahowa: na ɗan lokaci ta tare maka ita, kai kuma kana jingine da abin da babu shi, sai keken ya nufi motar, da ta wuce kuma iskar ta dawo ta tura ka ɗaya gefen. Na ga mahayi ya ɗaura faffaɗan kwali a kariyar bayan kekensa a rana irin wannan, duk fizga ɗaya sai bayan keken ya goce, har dai ya sauka ya kwantar da kwalin ya sake ɗaurewa.

Abin da nake yi shi ne in riƙe kan keken da hannu biyu ba tare da na sandare ba, yatsu a kusa da birki, in ci gaba da taka feda domin keken da ake tuƙawa ya fi wanda aka sake tsayuwa daram, in kuma bar tazara tsakanina da bakin kwalta. Kada a manta cewa ƙarar iska a kunne tana hana jin motar da ke tahowa a baya, don haka waiwaye ya zama dole kafin kowane kaucewa.

Ɗan Tsere:

Baba, na yarda da duk abin da ka faɗa game da iskar gefe, amma ka ba ni dama in kare ɓangaren masu son fita, domin ina cikinsu. A wurin mai horar da kansa, iskar gaba kyauta ce, musamman ga wanda yake zaune a ƙasa mai shimfiɗa da babu tudun kirki, saboda tana ba shi nauyin da zai daɗe yana turawa ba tare da ya yi gudun da zai jefa shi cikin haɗari ba. Kuma ita ce take koya wa mutane tafiya a rukuni. Wanda yake bin bayan wani kurkusa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na turjiyar, kuma binciken da Farfesa Bert Blocken ya jagoranta a 2018 a kan ayarin mahaya 121 ya nuna cewa wanda yake can cikin tsakiyar ayarin, wajen baya, turjiyar da yake fuskanta tana iya sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da mahayi shi kaɗai yake fuskanta.

A gasar ƙwararru, ranar iskar gefe ta fi ranar duwatsu tayar da hankalin wasu manyan mahaya. Idan ta taho daga hagu, mafaka tana komawa bayan na gaba ta ɓangaren dama, sai mahaya su jeru a karkace daga wannan gefen titi zuwa wancan. Faɗin titi kuwa yana da iyaka, duk wanda bai sami gurbi a jerin ba sai ya rage a wutsiya yana shan iska shi kaɗai har ya yanke. A zango na 13 na Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, a 2013, a kan hanyar da ba ta da wani dutse, haka ayari ya tarwatse, Mark Cavendish ya yi nasara, Alejandro Valverde kuma, wanda wilinsa ya samu matsala a mummunan lokaci, ya yi asarar kusan minti 10. A gasar Gent-Wevelgem ta 2015 a Beljiyam, iska ta jefa Geraint Thomas gefen hanya, ya tashi ya hau kekensa ya ƙare na uku, kuma mahaya 39 kacal suka kai ƙarshe. A Holan ma tun 2013 suke da gasa ta musamman ta tuƙi cikin iskar gaba, a kan shingen teku na Oosterscheldekering, tsawon kilomita 8.5, da kekuna na yau da kullum marasa giya, kuma ba a kiran gasar sai an yi hasashen guguwa. Saboda haka masu cewa fita a iska ba ta da amfani, a ganina, sun yi gaggawar yanke hukunci.

Mahayiya:

Ɗan'uwa Ɗan Tsere, misalanka suna da daɗin karantawa, amma duk a kan hanyoyin da aka tanadar wa gasa suka faru, da jami'ai da motocin agaji a kusa, mai tambaya kuwa da motoci zai raba titi. Kuma ka tsaya a rabin labarin gasar Holan ɗin. A 2020 dakatar da ita aka yi ana tsaka da yi saboda guguwar Ciara, a 2023 kuma soke ta aka yi tun ba a fara ba saboda iskar ta wuce kima. A 2017 an soke babbar gasar keke ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, wadda dubban mutane suke shiga, bayan da iska ta riƙa kayar da mahaya a wurin tashi. Idan masu neman iska da gangan suna da iyakar da suke tsayawa, babu abin kunya ga wanda ya duba waje ya mayar da kekensa ɗaki.

Game da mizani, ina amfani da ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, wanda wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, domin ana iya karanta shi a jikin bishiyoyi. A mataki na 5, wato kilomita 29 zuwa 38 a awa, ƙananan bishiyoyi suna rangaji, kuma ina fita, sai dai in zaɓi hanya mai mafaka. A mataki na 6, daga 39 zuwa 49, manyan rassa suna motsi, riƙe lema yana wuya, kuma ba na fita sai da dalili. A mataki na 7, daga 50 zuwa 61, bishiya gaba ɗayanta take kaɗawa, mai tafiya a ƙasa ma yana jin turjiya, kuma a nan ni kam na haƙura, balle abin da ya fi haka, lokacin da rassa suke fara karyewa suna faɗowa kan hanya. Idan za a duba hasashen yanayi a waya, lambar fizga ce abin dubawa, ba matsakaicin gudun iskar ba, domin fizgar ce take kayarwa.

Ina kuma roƙon masu ƙarfi a rukuni su tuna cewa iyakar ba ɗaya ba ce ga kowa. Fizgar da mai nauyin jiki zai ji kamar an ɗan taɓa shi tana iya gusar da mara nauyi daga layinsa, haka nan wili mai faɗin baki, irin na tsere, yana kama iskar gefe a gaba fiye da na yau da kullum. Bai dace a mayar da abin gwajin jarumta ba, har sabon shiga ya ji nauyin cewa shi ba zai je ba.

Sabon Mahayi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, zan fara lura da bishiyoyin kamar yadda kika bayyana. Saura abu ɗaya: idan iskar ba ta kai ta hana fita ba, ya fi kyau a fara da fuskantar ta ne, ko a fara da ita a baya?

Dattijon Keke:

Ka fara da fuskantar ta tun kana da sauran ƙarfi, ka bar ta ta turo ka gida. Wanda ya fara da ita a baya ba ya jin ta ko kaɗan, sai ya ga keken yana gudu ya ɗauka ƙafafunsa ne, ya yi nisan da bai yi niyya ba, sannan ya juyo ya tarar da aikin duka yana jiransa ga gajiya. Ka duba hasashen sa'o'in da za ka dawo ma, domin iska tana sauya alkibla kuma sau da yawa ta fi ƙarfi da rana a kan sassafe. Idan kuna da yawa, ku riƙa karɓar gaba bi da bi na ɗan gajeren lokaci, wanda ya gaji ya koma baya ta ɓangaren da iskar take tahowa, kuma ku bar tazara tsakanin tayoyinku fiye da yadda kuka saba. Jerin karkace da Ɗan Tsere ya bayyana kuwa ku bar wa masu gasa, domin yana cin faɗin titi, kuma a hanyar da motoci suke bi ba ku da wannan faɗin.