Sabuwar bindigar iskata ta ƙi zama a saiti, ina matsalar take?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana 9 da na sayi bindigar iska, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai sifirin a ciki, harsashinta milimita 4.5. Na ɗaura mata madubin saiti, na kafa kwali a nisan mita 25, na yi baƙin ɗigo a tsakiya. Nakan kwantar da ita a kan teburin katako in danne sosai don kar ta motsa. Harbin farko ya sauka sama, na murɗa madubin. Na biyu ya tafi ƙasa ta dama, na sake murɗawa. Haka nake ta yi har na harba kusan 120, kwalin ya koma kamar rariya. Ga shi kuma tana fitar da hayaƙi da warin ƙonannen mai. Bindigar ce ko hannuna ne? Abin ya tsaya min a rai, domin na daɗe ina burin mallakarta.

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, hayaƙin nan ba ciwo ba ne. Ragowar man da aka shafa mata a masana'anta ne ke ƙonewa idan fistin ya matse iska ta yi zafi. Zai ragu da kansa. Irin wannan bindiga sai ta ci harsashi ɗaruruwa kafin ta natsu, kuma kada ka ƙara mata mai a ramin iska.

Abin da ya fi ba ka wahala shi ne danne ta da kake yi. Lokacin da ka ja kunama, fistin na zabura gaba, bindigar ta yi baya sannan ta yi gaba, duk wannan harsashin bai bar bututu ba tukuna. In ta daki katako, kowane harbi da irin tsallen da za ta yi. Ka ajiye buhun yashi, ka ɗora bayan hannunka a kai, ka buɗe tafin, bindigar ta kwanta a ciki ba tare da ka damƙe ta ba. Gindinta ya taɓa kafaɗa kawai. Ni har ɗan salatif na manna a inda tafina ke zama, don kar wurin ya canza. Bayan ka harba, kada ka ɗaga kai, ka ci gaba da kallon ɗigon na daƙiƙa biyu. Sai da na yi wata guda ina zargin tawa kafin wani dattijo ya buɗe min yatsu ya ce in bar ta ta yi motsinta.

Mai Lissafi:
Baba ya faɗi gaskiya. Ƙarina shi ne, Malam, ka daina bin harsashi ɗaya-ɗaya da murɗi. Ka dawo mita 10, ka harba 5 a ɗigo ɗaya ba ka taɓa komai ba. Sai sun taru wuri guda, ko da nesa da ɗigon ne, sannan ka auna daga tsakiyarsu. A mita 10 ba laifi ba ne su sauka ɗan ƙasa, tunda madubin yana saman bututu. Hagu da dama za ka gyara a nan, tsayi kuma sai ka koma mita 25.

Duba abin murɗawar. In an rubuta 1/4 MOA (ma'aunin kusurwar da ake saita madubi da shi), kowane “ƙas” yana matsar da harbi kusan milimita 7 a mita 100, wato bai kai milimita 2 ba a mita 25. In sun sauka santimita 4 ƙasa, kana bukatar murɗi kusan 22, ba 3 ko 4 ba. Kafin komai ma ka bi notukan jikin katakon da na maƙalin madubin ka ɗaure, girgizar sifirin na kwance su. Ja layin fensir a jikin madubin dab da maƙalinsa. In layin ya matsa, zamewa yake yi.

Uwar Gida:
Don Allah ɗan'uwa, duk lokacin da ka karya bututu za ka sa harsashi, hannunka ɗaya ya riƙe shi gam, yatsa kuma nesa da kunama. Kada ka harba ta babu harsashi, fistin ke cin dukan. Ka sa abin da zai tare harsashi a bayan kwalin, ka wanke hannu bayan ka taɓa harsashin, don na dalma ne.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na gwada yau da safe da iska ba ta tashi ba. Notuka biyu na gaba a kwance na same su, ɗaya har rabin zagaye ya ci. Na buɗe tafina kamar yadda ka ce, na harba 5 a mita 25, babban yatsana ya rufe ramuka huɗu, na biyar ya ɗan fita hagu, kuma na san ni na fizgi kunama. Na murɗa 14 zuwa sama, sauran ya rage kaɗan. Saura tambaya ɗaya: harsashi mai tsini nake amfani da shi, in koma mai zagayayyen kai yanzu, ko in bari wannan gwangwanin ya ƙare?

Tsohon Maharbi:
Ƙarasa gwangwanin, ta ƙara natsuwa da shi. Daga nan ka samo mai zagayayyen kai iri biyu ko uku, shi ya fi tafiya daidai a irin wannan nisa. Duk irin da ka canza, ka ba ta kamar 20 kafin ka yanke masa hukunci, kuma za ka sake saiti daga farko. Ka ajiye kwalin yau, ka rubuta kwanan wata a jikinsa, mu gwada shi da na wata mai zuwa.