Zango ya fi bakan gizo dacewa

1/ Malaman kimiyya da masu fassara, ina da shawara kan sunan Hausa na abin da Turawa ke kira electromagnetic spectrum, wato dukkan nau'o'in haske, waɗanda ido ke gani da waɗanda ba ya gani. Wasu na cewa "bakan gizon haske". Ban gamsu ba. Bakan gizo launukan da ido ke gani ne kawai, daga ja zuwa shunayya, alhali mafi yawan abin da masana taurari ke aiki da shi ido ba ya ganinsa sam.

2/ Tuni muna da kalmar da ta dace. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da asuba yana laluben tasha ya san gajeren zango da matsakaicin zango, ya san mita 19 da mita 25. Mitocin nan tsawon igiyar ne. To, igiyar rediyo da hasken rana abu guda ne, gudunsu ɗaya, tsawon zango ne ya raba su. Zangon hasken da muke gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Don haka na ce mu kira shi "jerin zangunan haske".

3/ Da wannan suna sai aikin masana ya fito fili, kowane zango da irin labarin da yake kawowa. A farkon shekarun 1930 injiniya Ba'amurke Karl Jansky ya kama igiyar rediyo daga tsakiyar gungun taurarinmu, yau kuma na'urar MeerKAT mai kama igiyar rediyo a Afirka ta Kudu na sauraron sama da faranti 64. Eksire, wanda ake hoton ƙashi da shi, iskar duniya na tare shi, shi ya sa aka harba na'urar Chandra mai hango shi sama a 1999.

4/ Infrared kuwa, "hasken bayan ja" nake so. A 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora ma'aunin zafi a bayan jan launi, inda ba a ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Sunan ya faɗi ainihin wurin da aka gano shi. Wannan haske yana ratsa ƙurar sararin samaniya, da shi na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a Disamban 2021 ke leƙen inda taurari ke haihuwa.

5/ Ultraviolet sai ya zama "hasken bayan shunayya". Gamma fa, hasken da ya fi kowanne gajeren zango? A bar masa sunansa, ko akwai mai wanda ya fi?