Bandar tsokar bayan bijimin sa a gida: abin da aka tsayar

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake bandar wannan nama a gida, kusan kowa ya nace kan awo, kada a zuba gishiri da ka. Kowane kilo ɗaya na nama: gishiri giram 25, sukari giram 10, sai gishirin adana nama, ruwan hoda mai sinadarin naitirait, giram 2.5 kacal, domin yawansa guba ne. A ɗaure a leda, a bar shi a firiji kwana 7, ana juyawa kullum. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ni dai ina ganin a haƙura, naman zai lalace.

Bayan an ɗauraye, ya sha iska a firiji dare ɗaya. Wajen itace aka yi saɓani, amma an yarda a guji mai ƙaro. Hayaƙi kaɗan-kaɗan, har cikin naman ya kai digiri 65 a ma'aunin Celsius.