Neman kalma: me za mu kira "metal fatigue" da Hausa?

1/ Masu fassara, a taimaka mini. Ina rubutu kan haɗurran Comet, jirgin fasinja mai injin jet na farko, wanda kamfanin BOAC na Ingila ya fara jigila da shi a 1952. Kalmar nan ta hana ni ci gaba.

2/ Ranar 10 ga Janairu 1954 wani Comet ya tashi daga birnin Rum, ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka rasu. Aka zargi inji da gobara, aka yi gyare-gyare, jiragen suka koma aiki. Ranar 8 ga Afrilu wani kuma, daga Rum zuwa Alƙahira, ya faɗa teku da mutum 21. Ashe ba inji ba ne.

3/ A cibiyar binciken jiragen sama da ke Farnborough a Ingila aka saka gangar jikin wani Comet cikin katafaren tanki, ana ɗura mata ruwa ana ragewa, don a kwaikwayi tashi da sauka. Domin duk lokacin da jirgi ya yi sama, iskar da ake matsawa ciki don fasinja su yi numfashi takan ɗan kumbura shi, in ya sauko ya lafa. Da aka kai kimanin sau 3,000, har da tafiye-tafiyensa na baya, sai ya tsage daga kusurwar wata taga.

4/ Ɗauki guntun waya ka lanƙwasa, ka miƙar, ka sake lanƙwasawa. Na farko ba komai, na biyar ba komai. Can sai wurin ya yi ɗumi a yatsanka, ya yi fari-fari, ya karye ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Wannan nake nema wa suna.

5/ Wani ya ce tsatsa. A'a, tsatsa aikin danshi ce. Wata ta ce "tsufan ƙarfe", amma jirgin Elba shekararsa uku kacal. Ba shekaru suka cinye shi ba, maimaici ne.

6/ Saura "gajiyar ƙarfe". Da fari na ƙi ta, don na ga kamar an kwafo Turanci ne, kuma wanda ya gaji yakan huta ya wartsake, ƙarfe kuwa ko ka ajiye shi shekara goma tsagar na nan. Sai na tuna bakanikena yana riƙe da sifirin ɗin motata da ya karye, yana cewa, "Malam, wannan ai ya gaji." Tela ma haka yake cewa in yadi ya soma yagewa a bakin ɗinki. Babu wanda ke nufin a bar su su huta.

7/ Don haka na tsaya kan "gajiyar ƙarfe". Inda ta fara fitowa zan ƙara bayani: raunin da ke taruwa a ɓoye saboda yawan matsi da saki. Maƙera da masu walda, in kuna da taku kalmar a bakin aiki, ita na fi so in ji.