Wutar cek injin bayan gyaran lagireto: wai sata ce ko gyara?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake. Corolla ta ce, ƙirar 2005, 'yar Amurka, shekara huɗu tana hannuna ban taɓa ganin wuta a dashbod ba in ban da ta mai. Makon jiya lagireto ya fara yoyo, na kai gareji aka sa sabo, aka canja tiyon sama. Ran farko lafiya lau. Washegari na kama hanyar Zariya, ko Kwanar Dangora ban kai ba sai ga wutar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama. Allurar zafi kuma da take tsayawa kusan tsakiya, yanzu in ina gudu sai ta faɗo ƙasa, sai na shiga cunkoso take ɗan ɗagowa. Na koma wurin mutumin, wai "Alhaji ai tamostat na cire maka, ba ta da amfani a ƙasarmu." Ban sa shi ba, bai gaya min ba, bai kuma miƙo min ita ba. Ya sace min tamostat ya bar ni da wuta. Ya zan yi?

Oga Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Alhaji, "sace" fa ka ce? Ka janye wannan kalmar tukuna, sai mu yi maganar mota.

Maman Ummi: To me za a kira shi? Ya ɗauki abin mutum bai faɗa ba.

Oga Mai Gareji: Hajiya, ba da ke nake ba. Shekara ashirin ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane, tamostat ɗin da na cire sun fi ƙarfin buhu. Wa zai sayi tsohuwar tamostat? Ku je bayan garejina ku kwasa kyauta. Ɓarawo abu mai daraja yake ɗauka.

Ɗan Panteka: Oga a nan ka yi kuskure. Tsohuwa ta asali da aka ciro daga mota ta fi sabuwar kwali tafiya a wurinmu. Ana saye.

Oga Mai Gareji: Ku 'yan Kaduna ai ko ƙusa aka yar sai kun wanke kun sayar.

Ɗan Panteka: Su kuma 'yan Ƙofar Ruwa daga sama kayansu ke faɗowa ko?

Malam Na Bakin Kasuwa: A yi haƙuri in sa baki. A wurin malamai, sata ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga inda aka killace ta. Shi Alhaji da hannunsa ya miƙa makulli. Motar amana ce a hannun bakanike. In ma an yi laifi, sunansa cin amana, ba sata ba.

Maman Ummi: Allah ya gafarta Malam, ai ka ƙara masa nauyi ne ba ka rage ba. Ni gara a ce min ɓarauniya da a ce min maciya amana.

Oga Mai Gareji: Malam, ba mu gode ba.

Injiniya: Jama'a, mutum ya tambayi wuta kun tafi kotu. Yaya Baban Khalifa, bayaninka ya riga ya nuna hanya. Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. In inji na da sanyi a rufe take, ruwa na zagayawa cikin inji kawai har ya ɗumama, a irin injinka sai wajen digiri 82 take fara buɗewa. Da aka cire ta, ruwa na bin lagireto tun daga tayar da mota, iskar gudu na hura shi, shi ya sa allurarka ke faɗowa a kan babban titi ta ɗago a cunkoso. Ita kuma ƙwaƙwalwar motar tana lissafin lokacin da ya kamata ruwa ya kai zafinsa. In bai kai ba sai ta rubuta lamba P0128, amma ba ta kunna wuta sai ta ga hakan a tafiya biyu. Ka ga dalilin da ran farko shiru, washegari ta kama. Duk da haka kada ka yi rantsuwa da maganata. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket, a jona na'ura a karanta. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da shi. In P0118 ta fito, to soket ɗin sensar zafi aka manta ba a mayar ba ko waya ta tsinke, kuma yawanci za ka ji fanka na ta juyawa ba hutu. Ka kuma buɗe murfin lagireto da safe, inji na sanyi, ka ga ko ruwa ya sauka, don iska kan maƙale a ciki bayan irin wannan aikin.

Oga Mai Gareji: Karatun takarda ke nan. Tamostat ta ƙasar ƙanƙara ce. Mu nan a Afrilu rana kaɗai ta isa ta dafa inji. Ranar da ta maƙale a rufe a hanyar Maiduguri, gasket ya ƙone, P nawa za ka karanta masa?

Injiniya: In ta maƙale a canja ta, Oga. Motocin Saudiyya da Dubai da tamostat suke yawo, kuma ba su fi mu sanyi ba. Injin da bai kai zafinsa ba mai yake ƙara sha, ga yadda mai ya koma tun cire tallafi a 2023.

Oga Mai Gareji: Ka taɓa riƙe sifana?

Injiniya: Ka taɓa riƙe na'ura?

Direban Jos: Ni dai da hunturu in na fito daga Jos da asuba, wadda aka cire wa tamostat ko hita ba ta bayarwa, fasinja sai rawar ɗari. Amma wuta kam ba abin damuwa ba ce. Tawa shekara uku tana kunne. Baƙin salatif na manna a kai.

Maman Ummi: Inna lillahi. Kuma kana ɗaukar mutane?

Direban Jos: Hajiya, ja ce ke tsayar da mota, ta baƙin mai ko ta zafi. Ruwan ɗorawa gaisuwa ce.

Injiniya: In tana tsaye cak za a iya tafiya da ita zuwa wurin dubawa. In tana ƙiftawa, inji na tsallake wuta, a rage gudu a nemi gefe. Matsalar salatif, ranar da sabuwar cuta ta zo ba za ka sani ba.

Ɗan Panteka: A cire kan batir minti biyar, ta mutu.

Injiniya: Ta dawo jibi.

Ɗan Autan Zaure: Da Honda kuka saya da duk ba a yi haka ba.

Direban Jos: Honda da ƙafarta ke fita a tsakiyar titi? Yaro, je ka yi wasa.

Baban Khalifa: Ni fa har yanzu ba wanda ya gaya min ko in koma in karɓi abata.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ka tambaye shi da lalama. In ta ɓata a hannunsa da sakaci, biya ya hau kansa.

Oga Mai Gareji: Biyan me? Taimakonsa aka yi. Kuma Alhaji, tsakaninka da Allah, wane ruwa kake zubawa a lagireton nan?

Baban Khalifa: Na rijiyar burtsatse, wani lokaci fiya wata.

Oga Mai Gareji: To kun ji. Shi ya cinye lagireton farko da tsatsa, ba mamaki tamostat ɗin ma a daskare aka same ta. Ba ka sayi jan ruwan Toyota ba, ka zo kana kiran mai sana'a ɓarawo.

Injiniya: A wannan kam Oga ya yi gaskiya. Ruwan rijiya na tara gishiri da tsatsa.

Maman Ummi: Wayo ke nan, an juya laifi kan mai mota. Ko da ruwan kwata yake zubawa, ai sai a tambaye shi kafin a cire.

Baban Khalifa: Ni ban ce ɓarawo ba, cewa na yi ya sace.

Ɗan Panteka: Wanda ya sace kuma liman ne?

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta an cimma. Na ɗaya, Malam ya tabbatar ba a yi sata ba, don haka Baban Khalifa ya nemi afuwar masu gyara, waɗanda mu da muke harkar kayan mota muka san wahalarsu. Na biyu, har Injiniya ya yarda ruwan rijiya ne tushen matsalar. Maganar lambobi kuwa hasashe ce tunda ba wanda ya jona na'ura. Mai son jan ruwa na asali ko tamostat ya same ni ta bayan fage, akwai ragi ga 'yan zaure.

Maman Ummi: Shugaba, Malam cin amana ya ce. Ka tsallake.

Injiniya: Ni ma ban ce ruwan rijiya ne ya kunna wuta ba.

Baban Khalifa: Wa ke da na'urar nan a kusa da Hotoro? Gobe da safe zan shigo.